Ƙofar da Ke Jan Ƙasa

A bakin gidaje da yawa a unguwanninmu akwai wani tsagi mai lanƙwasa a ƙasa, wanda ba wanda ya zana shi da gangan. Ƙasan ƙyauren get ne ke kartar wurin duk lokacin da aka buɗe ko aka rufe. Da fari ɗan farin layi ne a kan siminti. Bayan damina ɗaya ko biyu sai ya yi zurfi, ka ga yaro ya sa hannu biyu yana cicciɓar ƙyauren kafin ya tura, sakata ta daina shiga raminta, da daddare kuma an koma tokarewa da dutse.

A nan maigida kan aika a kira mai walda. Mai gaggawa zai datse ƙasan ƙyauren, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, bayan 'yan watanni kartar ta dawo. Wanda ya san aikinsa kuwa sai ya ja da baya zuwa tsakiyar layi, ya runtse ido ɗaya, ya dubi ginshiƙin daga sama har ƙasa, ya ce, "Alhaji, get ɗinka lafiyarsa lau. Fila ce ta kwanta." Gaskiya ya faɗa. Ƙyaure a rataye yake ta gefe guda, nauyinsa yana jan kan ginshiƙin dare da rana, kuma gwargwadon faɗinsa gwargwadon ƙarfin jan. Ga yara da ke hawa suna lilo. Duk wannan nauyin a cikin ramin da aka binne ginshiƙin yake ƙarewa, kuma ramin ne ba a cika tsayawa a kansa ba ranar aiki. Akan ɓata mako ana zaɓen zanen ƙarfe da launin fenti, a bar haƙa ga ƙaramin yaron birkila.

Mutanen ƙauye sun fi mu sanin darajar rami, domin su duk shekara suke taɓa shi. Idan an gama girbi, karan dawa ya bushe, sai a fito gyaran danga. Tsoho ba ya fara duba kara. Yakan bi dirkokin ɗaya bayan ɗaya, ya dafa kowace ya girgiza, wadda ta amsa masa da motsi ya sa a tumɓuke ta. Da dagi ake haƙa, ba da shebur ba, saboda dagi yana yin rami matsattse mai zurfi, ya bar bangon ramin da taurinsa. Ana haƙa ana kwashe ƙasa da hannu har sai hannun ya nutse zuwa kafaɗa. Dirkar bakin ƙofa da ta kusurwa sun fi sauran son zurfi: kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawonsu ya kamata ya shige ƙasa. Mayar da ƙasar ma ba a yin sa gaba ɗaya. A zuba kaɗan, a kirɓa da gindin sanda, a ƙara, a sake kirɓawa, in akwai tsakuwa a haɗa da ita. Sai dirkoki sun tsaya sannan a jera kara, a ɗaura tanka da igiyar rama ko ta kaba.

Duk wanda ya taɓa tumɓuke tsohuwar dirka ya ga wani abu da ni har yau yake ba ni sha'awa. Samanta da ya sha rana lafiya lau. Can ƙarshenta da ke cikin zurfi ma sau da yawa da sauran ƙarfinsa. Inda ta cinye shi ne wuyanta, daidai inda ƙasa ta tsaya, taƙi ɗaya sama taƙi ɗaya ƙasa. A nan danshi da iska suke haɗuwa, ruɓa kuwa su biyun take so. A nan ne kuma gara ke fara ɗora ginin lakarta, ta ci ciki ta bar ɓawo, dirka tana tsaye da kyan gani alhali ba komai a cikinta. Shi ya sa ake ɓare ɓawon itace kafin a kafa, a babbaka gindinsa a wuta har ya yi baƙi, kuma babbakar ta haura inda ƙasa za ta tsaya. Wasu su zuba toka a ramin. Yanzu an fi shafa baƙin mai daga gareji. Yana taimakawa, amma ba na son ganinsa kusa da rijiya ko lambu, domin abin da ya shiga ƙasa ruwa zai kai shi inda ba a nufa ba.

Irin itacen ma magana ce. Ƙirya ita ce uwa: mai nauyi, mai tauri, gara tana shan wuya da ita, shi ya sa ake sassaƙa turmi da ita, maƙera kuma ke neman gawayinta. Wannan farin jinin ne ya sa ta yi wuyar samu a wurare da dama. Akwai marke, akwai azarar giginya da ta riƙe rufin soraye shekara da shekaru. Abin da ya cika kasuwar itace yau shi ne sandunan turare da na darbejiya, galibi an sare su tun ba su nuna ba, farin jikinsu kuwa abincin gara ne. Wanda ya saye su kada ya yi tsammanin za su yi masa kwanan ƙirya.

Ni dai da za a bi ta tawa, inda duk akwai fili da an riƙa kafa mai rai. Reshen dashi in ka kafa shi gab da faɗuwar damina yakan yi saiwa ya tsiro, ya zama dirkar da ke ƙara ƙarfi kowace shekara maimakon raguwa. Aguwa ma haka, ga ta dabbobi ba sa cinta saboda farin ruwanta, don haka ta daɗe tana tsare iyakar gonaki da burtali a ƙasar Katsina da Damagaram. Bini-da-zugu yana yin shinge mai kyau, sai dai 'ya'yansa guba ne, a yi hattara da shi a gidan da ke da ƙananan yara.

Ƙasa kuma kowace da halinta. Rairayin jigawa irin na wajen Daura ba ya riƙo, sai an ƙara zurfi. Baƙar laka irin firgin ƙasar Dikwa takan dare da rani ta kumbura da damina, tana tura abin da aka binne mata tana saki, har ya karkace.

Ginshiƙin ƙarfe ko na bulo ma bai tsira daga halin ƙasa ba. Na ƙarfe shi ma a wuya tsatsa ke cin sa. Kwaɓin kankaren ramin da birkiloli suka sani shi ne siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kuma a ɗaga saman kankaren ya ɗan yi tudu, ruwa ya gangare maimakon ya kwanta a gindin ƙarfe. A shafa jan fenti tun kafin a binne. Idan bututu ne a toshe kansa da walda, in ba haka ba ruwan sama zai taru a ciki ya ci shi ta inda ido ba ya kaiwa. Babban abin da ke kashe aikin shi ne rashin haƙuri. Kankare sai ya yi kwana 28 yake kai cikakken ƙarfinsa, kuma yana son a riƙa ba shi ruwa aƙalla mako guda. Amma sai a zuba yau, gobe da safe a rataya masa ƙyaure mai nauyin buhun siminti biyu, don maigida ba ya son gidansa ya kwana a buɗe. Gara a tare ƙofar da kwano ko zana na 'yan kwanaki.

Ƙaramar ƙofar katako ta lambu ko ta garken awaki tana da nata sirrin: sandar da ake gicciyawa ta taso daga ƙasa ta ɓangaren ginshiƙi, ta haura zuwa sama ta ɓangaren sakata. Haka take tallafe nauyin. In aka juya ta, ƙusa kaɗai ke riƙe da ƙofar.

Lokacin duk wannan aikin shi ne rani, kafin hadarin farko ya taso daga gabas da iskarsa a watan Mayu ko Yuni, ya gwada kowace dirka a gari cikin dare ɗaya. Kuma idan dangar ta tsakaninka da maƙwabci ce, kada ka tumɓuke tsohuwar dirka sai yana tsaye, sabuwar kuma ta koma ramin tsohuwar. Rigingimu da yawa da ke kaiwa gaban mai unguwa daga taƙi ɗaya suka fara, wanda aka matsa ba da niyya ba ranar gyara. Ko ba don iyaka ba ma kana buƙatarsa, domin mai kirɓa ƙasa ba ya ganin ko dirka ta miƙe. Sai wani ya tsaya daga nesa yana cewa, "Malam, ɗan turo ta gabas. Ƙara kaɗan. To, riƙe nan."