Takardar icce da amanar daji

Ɗan kasuwar icce da ke kai kaya Maraɗi ya san cewa kamiyonsa ba ya wuce shingen ma'aikatan gandun daji sai da takardar izinin jigila. Sau da yawa yakan ɗauke ta a matsayin wahala kawai, alhali kuwa ita ce ke tsare masa sana'arsa.

A ƙarƙashin dokar dazuzzuka ta 1974, daji na hannun gwamnati ne. Mai mota ya biya, ya sare, ya tafi, mutanen ƙauye suna kallo. Dokar 21 ga Agusta 1992 ta sake tsari: ta kafa kasuwannin icce na karkara, inda mazauna gefen daji, irin na Baban Rafi, ke sara gwargwadon adadin da aka ƙayyade musu kowace shekara, su sayar da kansu. Harajin iccen waɗannan kasuwanni ya fi sauƙi bisa na iccen da aka saro barkatai, kuma wani kaso nasa na zama a ƙauyen, domin gyaran daji da ayyukan gari. Dokar 2004 ta ƙara ƙarfafa hannun al'umma.

Saboda haka, ɗan kasuwar da ya kauce wa kasuwar karkara don ribar yini guda, jarinsa na baɗi yake ci. Ma'aikacin da ya karɓi na goro a shinge kuwa, mai gaskiya ya hukunta, domin kayan ɓarawo za su fi nasa araha. Dajin Sahel ba ya tofowa da gaggawa, kuma takarda ba ta tsare shi sai masu riƙe da ita sun riƙe amana.