Ɗan aji huɗu, ina ka ajiye furojet ɗinka?

Duk wanda ya shiga shekarar ƙarshe, abin da ke cikin laftof ɗinsa ya fi laftof ɗin kanta tsada. A semistar da ta wuce wata 'yar ajinmu ta rasa babi uku na furojet da duk bayanan da ta yi wata biyu tana tattarawa, saura mako uku difens. Laftof ta ƙi tashi, filas ɗin da ta dogara da shi kuma ashe jabu ne. Sufabaiza ya tausaya, amma ranar difens ba ta matsa ba.

Ni a Apo nake zaune gidan Yayana, ina zirga-zirga zuwa Gwagwalada. Akwai kwamfutar tebur a gida, a kanta nake yawancin rubutu, sai in ɗauki aikin in tafi da shi makaranta. Wannan ne ya sa na zauna na yi nazarin faifan ajiya, wato had-dis, da gidan da ake saka shi, wanda 'yan kasuwa ke kira kesin. Ga abin da na tsinta.

Na farko, girma. Akwai mai inci 3.5 na kwamfutar tebur, akwai mai inci 2.5 na laftof. Babban sai an jona masa wutarsa daban mai bolt 12, da an ɗauke wuta ya tsaya cak, ko da kana tsakiyar kwafi. Ƙaramin kuwa daga USB yake shan wuta. Ga mai zama a inda wuta ke wasan ɓuya, kuma kullum yana cikin mota, zaɓin a fili yake.

Na biyu, mai juyawa ko SSD? Had-dis na gargajiya faranti ne a ciki yana juyawa sau 5400 ko 7200 a minti, allura na shawagi a kansa. Ya faɗi yana aiki, sai dai a ce Allah ya sa ya tare. SSD ba abin da ke motsi a cikinsa, ya fi sauri, ya fi jure jijjigar hanya, amma ya fi tsada. Ni na ɗauki mai juyawa na 1TB na bar shi a gida don ajiya, ƙaramin SSD kuma shi ke bina a jaka.

Na uku, kesin ya dace da bakin faifan. Mai inci 2.5 bakinsa SATA ne. Amma SSD ɗin nan siriri mai kama da cingam, wato M.2, iri biyu ne: SATA da NVMe, kuma ba kowane kesin ke karɓar duka biyun ba. Ka tafi da faifanka a hannu a gwada a gabanka. Sannan ka nemi USB 3.0, wanda galibi cikin bakinsa shuɗi ne. Na 2.0 zai yi aiki, sai dai ka gama cin abinci ka dawo bai gama kwafi ba.

Na huɗu, a nan ake cin mutane. Ko Banex ka je a Wuse 2 ko wani shago kusa da gida, kada kwali mai sheƙi ya ruɗe ka. Kamfanoni uku ne suka rage masu ƙera had-dis mai juyawa: Seagate, Western Digital da Toshiba. Wani mai shago ya miƙo min ɗaya yana cewa "Oga, sabo ne dal." Na ce mu jona. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana nuna awannin da faifai ya yi yana aiki da kuma lafiyarsa. Ta nuna ya sha aiki ba kaɗan ba, ga alamar gargaɗi ruwan ɗorawa. Na yi masa godiya na ƙara gaba. Tokumbo ba laifi ba ne, a dai faɗa maka gaskiya, a yi maka kuɗin tokumbo. Filas kuma a gwada shi da H2testw, ita ke tona asirin mai ƙaryar girma. Amma in ka ga 1TB ya nuna 931GB a Windows, kada ka ɗaga murya, bambancin lissafi ne kawai.

Wani abu da mutane ba su cika sani ba: laftof ta mutu ba ya nufin faifanta ya mutu. Sau da yawa a ciro shi, a saka a kesin, sai ga fayilolinka nan lafiya lau. Kada ka bari mai gyara ya yi maka fomat kafin a gwada haka.

Sai dai fa, faifai ɗaya ba ajiya ba ce. Kwafi uku ake so: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje, ɗaya a intanet. Google Drive na ba da 15GB kyauta, ya ishi furojet har da ragi. Kuma don Allah kada ka haɗa laftof da faifan a jaka ɗaya, ɓarawo ba ya tantancewa.

Duk Juma'a da dare nake kwafe nawa, minti biyar ne. Ku tura wa wanda kuka san babinsa na huɗu yana zaune a filas guda ɗaya tal. Allah ya sa mu gama lafiya.