Darbejiyar Gindin Buta

'Yar'uwa, kin taɓa ganin kwazazzabo ya ci katangar gida? To ni na gani, a gidanmu, wata damina da ruwa ya kwana yana zuba. Inna ta ce da can bayan gidan duk gawo ne da tsamiya, tun farin 1984 aka bi su da gatari ana girki. Da babu saiwar da za ta riƙe ƙasa, sai ruwa ya yi ta zaizayarta har ya iso mana.

Da damina ta zagayo, malaman daji na ƙaramar hukuma suka zo rabon dashe kyauta a ƙofar mai unguwa. Aka yi jawabi, aka tafa, aka watse. Kafin bazara yawanci sun bushe, sauran awaki sun cinye. Wa zai ba su ruwa, alhali malam ya koma ofis?

Ni darbejiya biyu na samu. Ɗaya akuya ta gama da ita. Ɗayar na kewaye ta da ƙaya, na mai da gindinta wurin alwalata, ruwan wankin shinkafa ma can nake juyewa. Wallahi ko sau ɗaya ban ɗebo mata ruwa takanas ba. Yau a inuwarta nake tankaɗe.

Mu ke hura wuta, mu ke cin itacen nan. Hukuma za ta kawo dashe, amma raino sai mu. In an zo rabo bana, aiki yaro ya karɓo miki ko ɗaya ce. Allah Ya ba mu damina mai albarka, amin.