Daga Kaikai Zuwa Lokeshin: Hanyar Da Ba Ta Bi Ta Aji Ba

Duk ɗan fim ɗin da ya taɓa kai kaset Katsina daga Kano ya san wannan titin kamar yunwar cikinsa. A bar Bichi, a wuce Tsanyawa, sai ga mutum a ƙasar Katsina, yankin Yashe da Gidan Mutum Ɗaya, daga nan sai Kankiya. Galibi ba a tsayawa, sai dai a sayi rake ta tagar mota a ƙara gaba. Amma wanda ya saki kwalta ya kutsa cikin ƙaramar hukumar Kusada zai iske Kaikai, ɗaya daga cikin mazaɓunta. Ƙasa ce ta gero da dawa da wake da gyaɗa. Da damina kore shar, da rani kuwa fili fetal, ga itatuwa jefi-jefi, irin wurin da darakta zai gani ya ce a sauke kyamara.

To amma ba don lokeshin aka kawo zancen Kaikai ba. Don yaran ne.

Mai karatu, ka tuna daren goma ga azumi a garuruwa irin wannan. An sha ruwa, an yi asham, sai ka ji gwangwani ya fara amo. Ga wani ɗan shekara 12 ya manna gemun auduga, ya cusa tsumma a ciki ya yi tumbi, ya ɗauko sandar kakansa yana tafiya yana rangaji. Wani ya rataya tarkacen saiwoyi ya zama Jatau Mai Magani. Akwai kuma wanda ba ya fitowa a wasan sam, shi ne mai cewa wane ka tsaya nan, wane kai za ka fara. Wannan ai darakta ne, bai dai san sunan aikinsa ba. Kwalliya, sutura, waƙa, amshi, raba fitowa, har da rabon kuɗi a ƙarshen dare (inda rigimar furodusa ke farawa ke nan), duk suna cikin tashe. Ba wanda ya koya masu a allo.

Tambayar ita ce, in yaron nan ya shiga sakandare, ina wannan baiwar take zuwa?

A ƙaramar sakandare akwai darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, an haɗa zane da kiɗa da wasan kwaikwayo a kwano ɗaya. Da an haye babbar sakandare sai a raba aji. Masu ƙoƙari a ce su tafi kimiyya, saura kuma a tura su ajin "at", kamar wani hukunci. Littattafan wasa irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wato Kasagi, ɗalibai da yawa sun karance su ne don jarrabawa kawai, ba su taɓa tashi tsaye sun buga ko fitowa ɗaya ba. In an yi sa'ar malamin Hausa mai son abin, sai a kafa ƙungiyar dirama, a yi wasa ranar raba kyaututtuka. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ƙungiya ta bi shi.

A takarda kam an yi yunƙuri. Manhajar babbar sakandare da aka soma aiki da ita a 2011 ta shigo da darussan sana'a sama da 30, cikinsu har da ɗaukar hoto da rini da aikin fata. Sai dai koyar da hoto ba kyamara tamkar koyar da iyo ne a tudu. A 2025 kuma gwamnatin tarayya ta sake yi wa manhajar garambawul, ta rage sana'o'in zuwa 6. Ɗinki da kwalliya sun tsira, hoto bai shiga jerin ba.

Abin da zai ba mutum haushi shi ne mun san yadda ake yin makaranta ta musamman, don mun yi ta mun ga amfaninta. A 1977 jihar Kano ta buɗe sakandaren kimiyya a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa. Aka riƙa tsamo yara masu ƙwaƙwalwa ta hanyar jarrabawa, aka ba su kwana da abinci da ɗakin gwaji da malamai na gari. Yau je ka asibitocin Arewa ka ƙirga likitocin da suka fito daga Dawaki. Ita ma Kankiya, nan kusa da Kaikai, tana da makarantar koyon aikin lafiya, don haka yaro mai son wannan fanni ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Shi kuwa mai gemun auduga fa?

A Ingila akwai wata sakandare a kudancin Landan mai suna BRIT School, an buɗe ta a 1991. Kyauta ce, tana ɗaukar yara daga shekara 14 zuwa 19. Suna yin lissafi da Turanci kamar kowa, sannan kowa ya kama layinsa: kiɗa, wasa, fim, ko aikin fitila da sauti a bayan fage. Mawaƙiya Adele can ta yi, haka ma Tom Holland da ya fito a Spider-Man. A nan gida kuwa sai an gama sakandare tukuna ake samun inda za a dosa: Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos, ko sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko ƙauyen koyon sana'a na matasa da ke birnin Katsina. Kafin lokacin, da yawa sun tafi ci-rani, 'yan matan kuma an kai su ɗaki.

Shi ya sa industiri ta zama ita ce makarantar kanta. Tun Turmin Danya, wanda 'yan ƙungiyar Tumbin Giwa suka fitar a Kano a 1990, yawancin mutanenmu a bakin aiki suka koya. Yaro ya zo Kano, ya ɗauki jakar darakta, ya riƙe fitila shekara biyu, wata rana mai kyamara bai zo ba a ce ya gwada. Wannan hanya ta fitar da gwanaye, ba musu. Amma ita ce kuma ta sa har gobe ake jin ƙarar janareto ta danne maganar jaruma, ko a je lokeshin da labari a baka ba sikirif. Kuma yaron da ya bar gida yana ɗan shekara 16 ba kowa ke tambayar inda yake kwana ba.

Nan ne tsoron iyaye ya samo tushe, kuma bai kamata a yi masu dariya ba. Kowa ya ga yadda aka tayar da jijiyar wuya a 2016 kan alƙaryar fim da aka so ginawa a Kofa ta ƙasar Bebeji, har gwamnati ta janye. Uba a Kaikai in ya ji "makarantar fim", rawa da waƙa ne ke faɗo masa a rai. Da zai ga makaranta ce mai shugaba da malamai da lokacin salla, ta maza daban ta mata daban, ana koyar da rubutun labari da ɗaukar sauti da zane da rini da dukanci tare da sauran darussa, ga takardar shaida a ƙarshe, wataƙila da ya sake tunani. Ai shi ma ya yi tashe yana yaro.

Wasu za su ce Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa da ba ta da nisa daga nan, wace makaranta ya shiga? Gaskiya ne, bai shiga ba, kuma jami'ar Zariya ce da kanta ta kira shi ta ba shi digirin girmamawa a 1988. Sai dai Shata kalangu yake buƙata da maƙogwaro. Ɗan Kaikai na yau kuwa wayar yayansa yake arowa, ya jera abokansa a bayan gari bayan la'asar, ya ɗauki sin uku, ya zauna gindin bishiya yana yanka yana haɗawa da ɗan yatsa, yana sauri kada caji ya ƙare.