Jan Dokin da Na Saya a Kano

Da yawanku kun sha tambayata ina jar motar nan ta shiga, ni kuwa in yi dariya in sauya zance. Tun da aka ce ni zan rubuta na wannan mako, na ga gara in faɗa muku gaskiyar abin da ya faru.

Tun ina yaro a Maradun nake son mota. Kawuna bakanike ne, ya koyi sana'ar a zamanin da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, wadda aka kammala a 1978. A bangon rumfarsa akwai wata tsohuwar kalanda da shekararta ta daɗe da wucewa, amma ba a cire ta ba saboda hoton da ke jiki: jar mota mai doguwar gaba da gajeren baya, ga ɗan doki a guje a hancinta. Idan aka aike ni kai wa Kawu abinci, sai in tsaya ina kallonta har tuwo ya huce.

Da na girma na sami waya, sai na bi tarihinta. Sunanta Ford Mustang. An fara nuna ta a birnin New York na Amurka ran 17 ga Afrilu, 1964, a kan dala 2,368, kuma kafin a cika shekara biyu an sayar da miliyan guda. Na haddace waɗannan kamar karatun jarrabawa. Abin da ban koya ba shi ne yadda ake duba tsohuwar mota kafin a biya.

A farkon 2022 na ga hotonta a Facebook. Ƙirar 1998 ce, ja, tana wani gareji a Kano. Mai ita ya ce GT ce, wato babbar, mai silinda takwas. Ina da kuɗin da na tara daga noman shinkafa na rani biyu a Bakolori, da ɗan abin da shagon gyaran waya ke kawowa a Talata Mafara. Ban gaya wa Kawu ba, don na san abin da zai ce. Na shiga mota na tafi ni kaɗai.

Da aka tayar da ita na ji rurin salansar, hankalina ya bar jikina. Ban leƙa ƙarƙashi ba. An buɗe mini inji, na gyaɗa kai kamar na san abin da nake gani. Takardun kwastam kawai na duba, su kuwa lafiyarsu lau. Aka ce miliyan biyu da ɗari biyu, na taya, aka ce albarka, na ƙara, aka sallama a kan naira 1,900,000. Na biya har da la'ada, na kamo hanya ta Funtua da Gusau. Kowane rami sai cikinta ya gogi ƙasa, ni kuma in ji kamar nawa cikin ne.

Kawu bai yi faɗa ba. Ya zagaya ta sau biyu, ya ce, "Ɗana, buɗe mini gaba." Ya sa yatsa yana ƙirga wayoyin fulogi: uku a dama, uku a hagu. Ya dube ni ya ce, "Takwas ɗin ina sauran biyun?" Daga nan ya ɗauko maganaɗisun wata tsohuwar sifika yana bin jikin motar da shi. A ƙofa ya kama, a gaba ya kama, da ya iso bayan tayar hagu sai ya faɗi ƙasa. Ya ce nan ba ƙarfe ba ne, ciko ne aka shafe da fenti, an taɓa bugun ta. Sannan ya shimfiɗa buhu ya kwanta a ƙarƙashi, ya fito da ɓarɓashin tsatsa a tafin hannunsa.

Daga baya na gane komai. A jihohin arewacin Amurka ana zuba gishiri a kan titi lokacin ƙanƙara, shi ne ke cin ƙasan mota. Na kuma koyi cewa lambar shasi, wadda ke ƙasan gilashin gaba ta wajen direba, tana da haruffa da lambobi 17. Na goma yana faɗin shekarar ƙira, W kuwa ita ce 1998, nan ba a yi mini ƙarya ba. Na takwas yana faɗin irin injin. Da na san haka, da minti biyu sun ishe ni. A waccan shekara GT tana da inji mai lita 4.6 da ƙarfin doki 225, tawa kuwa mai lita 3.8 ce da ƙarfin doki 150. Haruffa biyu kawai aka manna mata, na biya kuɗin haruffan. Na yi cinikin biri a sama.

Duk da haka na so ta. Ranar Asabar nakan wanke ta da kaina, in fita da ita bakin titi da sassafe. Kun san halin da hanyoyinmu suke ciki, jar mota mai ruri ba abin yawo ba ce a nan, don haka ta fi zama cikin gida a lulluɓe. Ga kuma abin da ban taɓa faɗa muku ba. Shekara guda da rabi na bar haruffan nan a jikinta. Duk wanda ya tambaya a ƙofar majami'a, "GT ce?" sai in yi murmushi in bar shi da zatonsa.

Ran 29 ga Mayu, 2023, aka sanar da cire tallafin mai. Litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Bayan 'yan watanni likita ya ce sai an yi wa Mama aikin ido, ga kuɗin makarantar ƙannena biyu. Babu abin sayarwa sai motar.

Dillali ya kawo wani saurayi daga Sakkwato, bai daɗe da samun aiki ba. Da na tayar masa da ita, na ga fuskarsa, na gane ta. Irin tawa ce ta ranar nan a Kano. Bai leƙa ƙarƙashi ba, bai ƙirga komai ba, ya taya naira 2,100,000, ya ce zai kawo kuɗi ran Litinin. Dillali ya ja ni gefe ya ce, "Malam, ido ne ke sayen mota. Ba ka yi masa ƙarya ba, kada dai ka yi surutu."

Daren nan ban yi barci ba. Na kawo wa kaina hujjoji masu kyau. Ni ma haka aka yi mini. Ba shagali zan yi da kuɗin ba, idon Mama ne. Ba ni na manna haruffan ba. Amma duk inda na juya sai in tuna cewa wanda ya sayar mini ma wataƙila haka ya gaya wa kansa, kuma na yi shekara ina jin zafinsa a zuciyata. Sannan ni ne kuke ba ajiyar kuɗin zumunta kowane wata, ba ku taɓa cewa in ƙirga a gabanku ba. Na yi addu'a, ba mai tsawo ba. Da gari ya waye na sa wuƙa na ɓamɓare haruffan.

Ran Litinin na ari maganaɗisun Kawu. Na sa yaron ya ƙirga fulogi da yatsansa, na ba shi buhu ya kwanta ya ga tsatsar, na nuna masa cikon. Na kuma faɗa masa abin da ke da kyau: injin ba ya shan baƙin mai, giya ba ta fizga, lagireto sabo ne, takardu cikakku. Ya daɗe shiru. Ya fita ya yi waya, ya dawo ya ce 1,300,000. Kawu ya ce kuɗinta ke nan, ko shi ba zai ƙara ba. Na sallama. Dillali bai sake gaishe ni ba har yau.

Ba zan ce muku washegari wani ya ƙwanƙwasa ƙofa da cikon kuɗin ba. Naira 800,000 ta tafi. An yi wa Mama aiki, tana gani, amma sai da na sayar da shinkafar da na ajiye don iri da ci, ƙanina kuma ya yi zangon karatu guda a gida. Ranar da na gaya masa dalili bai ce komai ba, kuma har yanzu ban san abin da ke ransa ba. Ina roƙon ku sa shi cikin addu'a, ku sa ni ma.

Ga mai niyyar sayen tsohuwar mota a cikinku, kada ka tafi kai kaɗai. Ɗauki bakanike wanda ba ya jin kunyar faɗa maka abin da ba ka so ji, ka karanta lambar shasi, ka kwanta ka duba ƙasa, ka lissafa man wata guda kafin ka taya. In kuma ranar sayarwa ta zo, ka nuna wa mai saye abin da ka so a nuna maka.

Yaron nan yakan aiko mini da hotonta wani lokaci. Ya gyara ƙasan, ya bar gurbin haruffan yadda yake. Su kuwa haruffan suna cikin aljihun teburin shagona, tare da matattun batiran waya. Ubangiji ya kiyaye mu duka.