Cigiya a Zango

Bara wani ɗan'uwanmu ya sauka gidanmu a Bantama daga Kano, yana cigiyar ƙanen kakansa da ya zo Kumasi fataucin goro tun yana saurayi. Rabon gado ne ya tsaya, sai an san ko tsohon yana raye. Abin da ke hannun baƙon lambar waya ce da ta daina shiga, da sunan maigidan da ya riga ya rasu.

Na raka shi wurin limaminmu. Liman bai san mutumin ba, amma ya ambata mana mutum uku da suka fi shi kusa da masu goro: ɗaya a Aboabo, ɗaya a Asawase, ɗaya a kasuwar Kejetia. Na farko ya yi tafiya, na biyu ya manta, na uku ya tura mu gaba. A rana ta huɗu muka durƙusa gaban tsohon.

Lokacin ina karatun tsarin Kademlia, wanda aka wallafa a 2002, kuma BitTorrent ke dogara da irinsa. A tsarin babu kwamfuta ɗaya mai riƙe da rajistar kowa. Mai nema yakan tambayi uku a lokaci guda, kowace ta nuna masa waɗanda suka fi ta kusa da abin da ake nema, har a isa. Idan ɗaya ta mutu, sauran na nan. Kowace kwamfuta tana ƙwanƙwasa maƙwabtanta don ta san mai rai, kuma tana fifita tsohuwar abokiya mai amsawa a kan sabuwa, domin wadda ta daɗe ita ta fi yiwuwar dorewa.

Kakanninmu sun san wannan. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu zuwa Kete-Krachi da wasu garuruwa, amma kasuwanci bai mutu ba, domin kowa ya san masauki fiye da ɗaya.

Abin da ya dame ni shi ne kaina. Da ni aka tambaya, ba ni da mutum uku da zan ambata. Lambobi kawai na tara. Zumunta a ƙafa take. Tun daga lokacin, kowace Juma'a bayan masallaci nakan je gaida dattijo ɗaya, in tambaye shi wa ya sani.