Ko Kogi Ma Yana Hutawa

A makarantar nan akwai wata amsa da ta kusa maye gurbin "lafiya lau". Ka ce wa ɗalibi yaya dai, sai ya ce maka, "Wallahi ba lokaci." Mu 'yan shekarar ƙarshe mun fi kowa faɗinta, har ta zama abin alfahari. Wanda ya kwana aji yana karatu, ya karya da lemon ƙara kuzari da biskit, shi ake kallo a matsayin mai himma.

Nawa jadawalin a zangon da ya wuce haka yake: lacca daga ƙarfe 8 na safe, bayan la'asar zaman shagon POS na wani ɗan kasuwa har isha'i, dare kuma na furojet ne, ga rubuce-rubucen ƙungiyar ɗaliban garinmu da nake wa sakatare. Daga Birnin Kebbi zuwa Argungu tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota, amma a tsakanin waɗannan ayyuka awa ɗayar nan ta fi kuɗin mota wuyar samu.

Ana cikin haka aka gano Inna na da hawan jini. Ma'aikaciyar jinya ta yi mana bayani cewa ciwon kan daɗe a jiki ba tare da wata alama ba, kuma maganinsa kullum ake sha, ba sai ranar da kai ya yi ciwo ba. Inna ba ta karanta boko. Baba yana fadama wajen shinkafa tun asuba. Ƙanwata shekararta 13. Ko ba a faɗa ba, na san wanda ya rage. Da na tambayi Inna abin da take so in riƙa kawo mata, cewa ta yi, "Kai dai ka zo mu gan ka."

Duk ɗan Argungu ya san labarin kogin Matan Fada. Tun 1934 ake bikin kamun kifi, kuma a 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. Baƙi na zuwa kallon dubban masunta da homa da gora suna faɗawa ruwa, gasar da ba ta cika wuce awa ɗaya ba. Abin da baƙo ba ya gani shi ne watannin da ake hana su a wannan yanki na kogin. Don an bar ruwan ya huta ne ake fito da giwar ruwa wadda sai mutum biyu sun kama. Da kullum ake jefa homa a wurin, da sai 'yan tsiraru. Kakanninmu sun san wannan game da kifi, mu kuwa muna nema mu manta da shi game da jikinmu.

To, sai na zauna na yi lissafi. Na miƙa wa mataimakina aikin sakatare. Zaman POS na mayar da shi kwana 3 a mako. Ƙarfe 11 na dare nake kashe waya, don in samu barcin awa 7 da likitoci ke cewa shi ne mafi ƙaranci ga baligi. Asabar da Lahadi na gida ne: in raka Inna awon jini idan lokacinsa ya yi, in ƙirga ƙwayoyin da suka rage, in zauna muna hira tana tsinar shinkafa.

Ba kyauta abin ya zo ba. Kuɗin da nake samu ya ragu sosai, wasu abokai kuma sun ce na yi sanyi. Na kuma san akwai waɗanda sana'ar nan ce ke biya musu kuɗin makaranta, ba za su iya rage ta ba. Amma ko su, in suka duba, za su tarar da wani taron, ko wata hirar WhatsApp ta tsakar dare, da ba dole ba ce.

'Yan uwana, ku yi wannan lissafin. Bayan ND akwai shekarar IT, sai HND shekara 2, sai bautar ƙasa a jihar da ba mu zaɓa ba. Mai yiwuwa ba za mu sake zama kusa da iyayenmu kamar yanzu ba. Zumunta a ƙafa take, in ji Hausawa. Ni dai Juma'a bayan masallaci, a tasha za ku same ni.